Fita Da Yara Masu Bukata Ta Musamman Zuwa Gandun Daji

A kusan kowane ƙauye akwai gidan da ke da yaro wanda ba a cika ganinsa a waje ba. Ko makaho ne, ko kurma, ko gurgu, ko mai farfaɗiya, ko kuwa wanda fahimtarsa ke da nauyi. Sa'o'insa su tafi makaranta, su tafi kiwo, su tafi ɗiban kanya, shi kuwa yana zaune gindin rumbu tun safe har yamma. Waɗansu iyaye tausayi ke sa su tsare shi a gida. Waɗansu tsoro, kada wani abu ya same shi. Waɗansu kuwa kunyar idon mutane.

Ya kai maigida, ya ke uwargida, in kuna da irin wannan yaro, wannan darasi naku ne. Abin da mu ke so ku gane shi ne, zaman gida kullum yana ƙara wa yaron nan rauni a kan rauninsa. Fita daji da shi, in an yi ta da shiri, tana ƙara masa lafiya da ilmi. In kuwa an yi ta da ganganci, tana iya jawo hasarar rai. Saboda haka ku karanta a hankali. In akwai wanda bai iya karatu ba a gidan, a karanta masa.

1. Su wane ne yaran nan?

Malaman makaranta suna kiransu yara masu bukata ta musamman. Watau yaran da ba su iya koyo ta hanyar da sauran yara ke koyo, sai an bi da su ta wata hanya dabam. Suna da yawa ƙwarai. A shekarar 2021 hukumar UNICEF ta ba da labari cewa kusan yaro 1 cikin kowane 10 na duniya yana da wata naƙasa.

Abubuwan da ke kawo naƙasa sanannu ne. Ƙyanda tana makantarwa. Sanƙarau yana kurmantarwa. Shan inna yana gurguntarwa. Doguwar naƙuda, da shawara mai tsanani ga jariri, da zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, duk suna taɓa ƙwaƙwalwa. Waɗansu yara kuma haka nan a ke haihuwarsu. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma laifin uba ba. Naƙasa ba ta yaɗuwa ta cin abinci tare, ko ta wasa tare.

Ku sani kuma, a watan Janairu na shekarar 2019 aka sa hannu a kan dokar Nijeriya wadda ta hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ce yaro mai naƙasa yana da haƙƙin ilmi kamar kowane yaro. Tun 1953 akwai makarantar makafi a Gindiri. A Kano kuma akwai makarantar Tudun Maliki ta kurame da makafi. Amma makarantar farko ta kowane yaro gidansu ne, malamansa na farko kuwa ku ne.

2. Mene ne amfanin kai shi daji?

Na fari, jiki. Ƙafar da ba ta tafiya shanyewa ta ke yi. Gaɓar da ba a motsa ta sandarewa ta ke yi. Tafiya kaɗan kaɗan tana ƙarfafa nama, ta buɗe ciki, ta kawo barci mai daɗi da dare. Hantsin safe yana taimakon jiki ya yi abin da ke ƙarfafa ƙashi, watau bitamin D.

Na biyu, ilmi. A cikin aji yawancin karatu da ido da kunne a ke yinsa. Wanda ya rasa ɗaya daga cikinsu sai a bar shi a baya. Daji kuwa yana koyarwa ta kowace ƙofa. Makaho ya taɓa, ya sunsuna, ya saurara. Kurma ya duba. Mai nauyin fahimta, wanda aka yi wata guda ana faɗa masa "uku" bai riƙe ba, in ya tsinci 'ya'yan tsamiya uku da hannunsa, ya jera su a ƙasa, sau da yawa sai ka ga abin ya zauna.

Na uku, zuciya. Yaron da ya je inda sa'o'insa ke zuwa, ya komo da labarin da zai bayar, ya san shi ma mutum ne. 'Yan'uwansa kuma su koyi yadda a ke tafiya da shi.

3. Ina za a je?

Gandun daji wuri ne da hukuma ta keɓe, ta hana sara da farauta da ƙuna, domin itatuwa da namun daji su wanzu. Akwai manya, akwai ƙanana.

Ku fara da na kusa. Bakin gandun da ke kusa da garinku, ko kurmin da ke bayan gari, ko gonar itatuwa ta ƙaramar hukuma, ya isa. Tafiyar sa'a 1 ko 2 ta isa a karo na farko. Sannu ba ta hana zuwa.

In yaro ya saba, kuma akwai hali, gidaje 3 ko 4 suna iya haɗa kuɗi su ɗauki mota zuwa babban gandu. Wanda ya fi suna a Arewa shi ne Yankari, cikin ƙasar Alkaleri a Jihar Bauchi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, a 2006 kuma ya komo hannun Jihar Bauchi. Girmansa ya fi murabba'in kilomita 2,200. Kogin Gaji ya ratsa ta tsakiyarsa. Akwai giwaye, da ɓauna, da gwanki, da gwambaza, da mugun dawa, da dorina, da birai, da tsuntsaye iri fiye da 350. Daga ƙofar Mainamaji zuwa masaukin Wikki tafiya ce ta kilomita 40 da 'yan kai. A Yankari ba a shiga kallon namun daji da ƙafa. A mota a ke zagayawa tare da jagora. Wannan ya yi wa gurgu daidai, amma doguwar tafiyar mota tana gajiyar da yaro, sai a riƙa tsayawa inda jagora ya yarda.

Ga magana mai nauyi. A shekarun nan 'yan bindiga da ɓarayin shanu sun sha fakewa a dazuzzuka da dama na Arewa, kamar dajin Kamuku na Birnin Gwari da dajin Falgore na Kano. Hali yana sakewa daga wata zuwa wata. Kada ku dogara da labarin bara. Kafin ku sa rana, ku tambayi mai unguwa ko dagaci, ku tambayi ma'aikatan gandun daji, ku tambayi direbobin da ke bin hanyar. In an ce akwai shakka, ku fasa. Gindin ɗorawa a gonarku ma makaranta ce.

4. Wane lokaci?

Lokacin da ya fi kyau shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu. Ciyawa ta bushe ta kwanta, ana ganin inda a ke taka ƙafa, sauro ya ragu, rana ba ta yi tsanani ba. Daga Maris zuwa Mayu an fi ganin namun daji a bakin ruwa, amma zafin bazara yana wahalar da yara. Da damina ciyawa ta yi tsawo, rafuka sun cika, macizai suna yawo. Kada a shiga da irin yaran nan.

Ku fita da hantsi, bayan yaro ya karya kumallo. Ku komo inuwa kafin rana ta take tsaka. Kada magariba ta same ku a daji.

Yaron da ke zazzaɓi, ko gudawa, ko wanda farfaɗiya ta tasar masa jiya ko yau, a ɗaga tafiyar.

5. Shiri

Ga ƙa'ida ta fari, wadda ta fi duka: kowane yaro mai bukata ta musamman da babban mutum ɗaya nasa, wanda ba shi da wani aiki sai shi. Kada a ce "muna da yawa, za mu lura da shi". Abin da kowa ke tsaro, ba mai tsaronsa. Kada kuma a ɗora wa yarinya 'yar shekara 10 wannan nauyi. Ta zo ta yi wasa da ƙanenta, amma tsaro na babba ne.

In akwai malamin daji ko wani dattijo da ya san wurin, ku roƙe shi ya yi muku jagora. Ku faɗa masa halin kowane yaro tun a gida. Ku faɗa wa na gida inda za ku, da lokacin da za ku komo. Ku san asibitin da ya fi kusa, ku kuma shirya da mai babur ko mai mota wanda za a kira. A cika waya da caji.

Tun kwana 2 ko 3 kafin tafiya ku riƙa gaya wa yaron. "Jibi za mu daji. Za mu ga kuka babba. Za mu ci abinci a inuwa. Sa'an nan mu komo gida." Ku maimaita masa kullum da kalmomin nan dai.

Kayan da za a riƙa:

Ruwan sha mai tsabta, wanda aka tafasa ko na famfon burtsatse, aƙalla lita 1 domin kowane yaro, da ƙari.

Abincin da yaron ya saba ci. Ranar tafiya ba ranar gwada sabon abinci ba ce.

Maganin da likita ya ɗora shi a kai, in akwai.

Sabulu, da tsumma mai tsabta, da tabarma, da tufafin canji.

Ƙunshin gishiri da sukari na asibiti. In babu, a lita 1 ta ruwa mai tsabta a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali.

Usur, a rataya wa yaron a wuya da zare mai saurin tsinkewa.

Takarda mai sunan yaron, da sunan garinsu, da lambar wayar ubansa, da irin ciwonsa, a sa masa a aljihu a kama da fil.

Tufafi kuwa, dogon wando, da riga mai dogon hannu, da hula, da takalmi rufaffe. Kada a tafi da silifa ko ƙafa ba takalmi. Rigar ta zama mai haske wadda a ke hangowa daga nesa, kamar fara ko rawaya. A guji shuɗi da baƙi, gama tsando ya fi bin waɗannan launuka. Kada a shafa turare, domin ƙudan zuma.

6. Kowane yaro da yadda a ke bi da shi

Makaho. Ya kama hannunka a saman gwiwar hannu, kana gabansa kaɗan. Kada ka tura shi daga baya. Ka riƙa faɗa masa abin da ke gaba: "ga saiwa", "ga gangare", "sunkuya, ga reshe". Kafin ya taɓa itace, kai ka fara duba shi, domin kunama da ƙaya da tururuwa. Sa'an nan ka ɗora hannunsa. Ya ji santsin jikin kuka, ya ji kaushin ɗorawa. Ku kama hannu ku kewaye kukar, ya san kaurinta. Ka murtsuke masa ganye ya sunsuna. Ku zauna shiru, ya faɗa maka kukan tsuntsaye nawa ya ji. Za ka tarar ya fi ka.

Kurma. Shi ne ya fi saurin ɓata, gama in an kira shi ba ya ji. Ya riƙa tafiya a gabanka, kada ya kasance a bayanka ko kaɗan. Tun a gida ku shirya alamu 3 na maganar hannu: "tsaya", "zo nan", "haɗari". In za ka yi masa magana, ka tsaya inda haske ke kan fuskarka. Ka koya masa busa usur. Ko shi bai ji ba, kai za ka ji. Idonsa yana da kaifi, ka sa shi neman sawun dabbobi da sheƙar tsuntsaye. In yana sa na'urar ji, a tsare ta daga ruwa da ƙura.

Gurgu. Keken guragu ba ya tafiya a rairayi. Wani ya riga ku zuwa ya zaɓi hanya mai ƙarfi. In babu, jaki mai hankali ko amalanke ya isa, da mutum a gefe yana riƙe da shi. Mai rarrafe a sa masa takalman hannu da abin tare gwiwa, a kuma share wurin da zai sauka. Kada ya daɗe zaune a gefe ɗaya, domin gyambo. Yaron da ba ya jin taɓi a ƙafarsa, a riƙa duba ta, gama ƙaya tana iya shiga bai sani ba.

Mai farfaɗiya. Ya sha maganinsa a kan lokaci, ya kuma yi barci sosai daren tafiya. Kada ya hau itace. Kada ya matsa kusa da wuta. Kada ya tsaya bakin ruwa shi kaɗai, gama ruwa kaɗan ya isa ya kashe wanda ya faɗi a ciki ba ya cikin hayyacinsa. In ta tashi, ku kawar da duwatsu, ku sa masa tsumma a ƙarƙashin kai, ku sassauta wuyan riga. Kada ku danne shi. Kada ku sa masa cokali ko yatsa a baki. Kada ku ɗura masa ruwa ko magani. In jijjigar ta tsaya, ku kwantar da shi a gefensa domin yawu ya zuba. Ku duba agogo. In ta wuce minti 5, ko ta sake tashi bai farfaɗo ba, a kai shi asibiti nan da nan. Ku sani farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce. Yawun mai ita ba ya sa wa kowa ciwon, saboda haka kada ku gudu ku bar shi.

Mai nauyin fahimta. Abu ɗaya a lokaci ɗaya. Itace 3 sun isa a yini. Ka faɗi sunan, ya taɓa, ya faɗa, ka yaba masa. In ya manta, kada ka yi tsawa, ka sake. Ku lura da hannunsa, gama waɗansunsu duk abin da su ka tsinta sai baki.

Yaron da ba ya son hayaniya. Akwai yaron da ba ya kallon idon mutane, ba ya son a sake masa abin da ya saba, yana toshe kunne in an yi ƙara, wani ma ba ya magana. Likitoci suna kiran wannan hali otizim. Shirun daji yakan yi wa waɗansunsu daɗi ƙwarai. Ku tafi da mutane kaɗan. Ku bar shi ya riƙe abin da ya saba riƙewa. In ya tsaya yana kallon tururuwa rabin sa'a, ku ƙyale shi, karatunsa ke nan. In ya rikice yana kuka, kada a doke shi, kada a taru a kansa. A ja shi inuwa, a yi shiru, har ya huce. Amma fa irin yaran nan sukan zabura da gudu ba zato, kuma ruwa yana jansu. Mai tsaronsa kada ya yi nisan da hannu ba ya kai.

Zabiya. Rana tana ƙona fatarsa, ƙunar nan kuwa in ta yi yawa tana kawo ciwon daji na fata. Malafa mai faɗi, da dogon hannu, da inuwa. Ganinsa ma yana da rauni, sai a matso masa da abu kusa.

Mai amosanin jini, watau sikila. Ƙishirwa, da gajiya, da sanyi su ke tayar masa da ciwo. Ya riƙa shan ruwa a kai a kai tun bai ji ƙishi ba. Da hunturu a sa masa rigar sanyi. Kada ya yi wanka a rafi.

7. Haɗarin daji da abin yi

Maciji. Kububuwa ita ce ta fi kashe mutane a ƙasarmu. Ƙarama ce, launinta kamar na ƙasa, tana kwanciya ƙarƙashin duwatsu da busasshen ganye. Akwai kuma kasa da gamsheƙa. Babba ya wuce gaba da sanda. Kada yaro ya sa hannu a rami, ko kogon itace, ko suri. In maciji ya yi sara, ku janye yaron daga wurin, ku kwantar masa da hankali, ku cire zobe da awarwaro da takalmi. Ku ɗaura wa gaɓar itace kamar yadda a ke yi wa karaya, ba da matsi ba. Ku ɗauke shi, kada ya taka. Kada ku ɗaure da igiya, kada ku tsaga, kada ku tsotsa. Kada ku ɓata lokaci wajen neman macijin, ko wajen jiƙe-jiƙe. Allurar dafin maciji ta asibiti ita ce magani. A Kaltungo, cikin Jihar Gombe, akwai asibiti na musamman domin saran maciji. In gamsheƙa ta tofa dafi a ido, a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa, sa'an nan asibiti. Ku tuna, bebe da mai nauyin fahimta ba lalle su faɗa muku an sare su ba. In yaro ya fasa kuka farat ɗaya, ku tuɓe shi ku duba jikinsa duka.

Ƙudan zuma. In kun ji gunjinsu a itace, ku sake hanya a hankali. In sun yi harbi, a kankare ƙarin da farce da sauri. In fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, asibiti ba jinkiri.

Ruwa. Kada a sha ruwan tafki ko na rafi, kada kuma a shiga. Cutar tsargiya, mai sa fitsarin jini, daga katantanwar ruwa ta ke fitowa ta shiga ta fata. A Yankari akwai maɓuɓɓugar Wikki mai ruwan ɗumi garau, wanda zafinsa ke kan digiri 31 rani da damina. Mutane suna wanka a ciki, amma akwai wurin da zurfinsa ya sha kan babban mutum. Yaro ya tsaya a bakin ruwa inda ba zurfi, hannunsa cikin hannun babba.

'Ya'yan itace. Kanya, da ɗinya, da tsada, da magarya, da aduwa, da taura, duk abinci ne, in an wanke. Amma ƙa'ida ita ce, yaro ba ya cin kome sai babba ya ba shi da hannunsa. Zaƙami, da 'ya'yan cin-da-zugu, da 'ya'yan zurma dafi ne. Ruwan tinya da na tumfafiya suna ɓata ido. In yaro ya haɗiyi abin da ba ku sani ba, kada ku sa shi amai da ƙarfi. Ku ɗebi sauran abin, ku tafi da shi asibiti tare da yaron. Mai wahalar haɗiya kuwa a cire masa ƙwallo kafin a ba shi, domin kada ya shaƙe.

Birai. Gwaggon biri na masaukin Wikki ya saba da mutane, yana ƙwace abinci daga hannu. Kada yaro ya riƙe abinci a fili, kada ya miƙa wa biri kome. In biri ko kare ya yi cizo ko yaƙushi, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti a ranar domin allurar ciwon haukan kare. Kada yaro ya taɓa mushe, ko ɓera, ko jemage.

Zafin rana. In yaro ya yi laushi, ko kansa na ciwo, ko bakinsa ya bushe, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan kaɗan. In ya fara sambatu ko ya suma, kada a ɗura masa kome, a nufi asibiti ana jiƙa shi.

Ɓata. Ku ƙidaya yara duk inda ku ka tsaya, da duk inda ku ka tashi. Ku koya musu: "In ba ka ga Baba ba, ka tsaya inda ka ke, ka busa usur." In yaro ya ɓace, mutum ɗaya ya tsaya da sauran yara, a fara duba bakin ruwa kafin ko'ina, a kuma kira ma'aikatan gandu tun rana ba ta yi ƙasa ba.

8. Dokar gandu

Gandu amana ce. Ba a kunna wuta, ba a sare itace, ba a ɓare masa ɓawo, ba a harbin tsuntsu da danƙo, ba a ɗiban ƙwai. Leda da roba a komo da su gida, gama dabba in ta haɗiye su takan mutu. In yaro zai yi bayan gida, a yi nesa da ruwa, a haƙa rami a binne, a wanke hannu da sabulu. Kafin ku ɗauki ganye ko 'ya'yan itacen da su ka faɗo, ku tambayi malamin daji. Abin da yaro ya ga kuna yi, shi zai yi.

9. Bayan an komo gida

A yi wa yaron wanka da sabulu. A duba kansa, da bayan kunne, da hammata, da matsematsi, da tsakanin yatsu, domin kaska da ƙaya. In an ga kaska, a kama ta dab da fata a ja a hankali, a wanke wurin. In zazzaɓi ya zo cikin mako 2 ko 3, a kai shi asibiti, a faɗa wa malamin asibiti cewa an je daji.

Kada karatun ya ƙare a ranar. Abin da aka yarda ku ka ɗebo, a sa masa a ƙwarya tasa ta kansa. Da dare a fito da ita. Makaho ya laluba ya faɗi suna. Kurma ya zana a ƙasa, ya nuna da hannu. Mai nauyin fahimta ya ƙidaya. A bar shi ya ba kakarsa labari da kansa, kome daɗewar da zai yi, kada wani ya karɓe masa magana. In yana makaranta, ku gaya wa malaminsa abin da ya fi jan hankalinsa. Bayan mako 2 ku sake komawa wurin nan dai, ku bi hanyar nan dai. Maimaici shi ke sa abu ya zauna. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Abubuwan tunawa

Kowane yaro da babba ɗaya nasa.

A tambayi halin tsaro kafin a sa rana.

Takalmi rufaffe, ruwan sha, magani, usur.

Ba cin kome sai daga hannun babba.

Mai farfaɗiya nesa da ruwa da wuta da hawan itace.

Saran maciji: ba ɗauri, ba tsaga, sai asibiti.

Tambayoyi

1. Don me kurma ke tafiya a gaban mai tsaronsa?

2. Waɗanne watanni su ka fi dacewa da fita, don me?

3. Faɗi abu 3 da ba a yi wa mai farfaɗiya in ta tashi.

4. Yaya a ke haɗa ruwan gishiri da sukari?

5. In yaro ya ɓace, ina a ke fara dubawa?

6. A garinku, wane wuri ne mafi kusa da za ku iya kai yaronku cikin makon nan, wa kuma zai tsare shi?

Ku tattauna amsoshin nan da maƙwabtanku. In akwai abin da ya shige muku duhu, ku tambayi malamin asibitin garinku. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.